Daga Silimar Scala zuwa Wayar Hannu: Yadda Muka Koyi Bin Salsalar Fim

Tun da aka kafa unguwar Sabo a Ibadan a 1916 domin fataken goro da na shanu, Hausawan wannan gari suke shan kallo iri-iri. A Ibadan aka buɗe WNTV a 1959, gidan talabijin na farko a Najeriya, sai dai akwatin na masu hannu da shuni ne. Talaka silima ya sani, ko Scala da ke Sabo ko Odeon ta Oke-Ado, inda ake haska na Indiya da na kaboyi da na Chanis. A wancan zamani fim ɗaya labari ɗaya ne. Jarumi ya gama da bos, a kunna fitilu, kowa ya kama gabansa, babu mai tambayar abin da ya faru kafin nan.

Almarar kimiyya kuwa ta littafi ta fara zuwar mana da harshenmu. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba wanda baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauka zuwa sararin samaniya. A 1976 kuma Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. Ke nan tun a lokacin muna da labarin samaniya, muna kuma da gwanintar ɗauko littafi a kai shi allo, kowanne yana tafiya a hanyarsa.

Shekarar 1987 ta zo da abubuwa biyu. Aka buɗe Kasuwar Bodija, inda manyan motoci daga Arewa ke sauke wake da masara da dawa, aka kuma saki Mr. India. Kaset ɗin bidiyo ya fara shiga gidaje da rumfunan kallo. A Mr. India, Anil Kapoor ya ɗaura wata na'ura a hannu ya ɓace, ba a ganinsa sai da jan haske, bos Mogambo yana neman ta ruwa a jallo. Mai kallon Sabo bai sha wahalar fahimta ba, domin ya daɗe da sanin layar zana. Duk da haka labarin a kaset ɗaya ya ƙare. A Amurka ne Star Wars, wanda ya fara a 1977, ya riga ya nuna wa kamfanoni cewa duniya guda da aka gina da kyau za ta iya ciyar da fina-finai da littattafai shekara da shekaru.

Mu dai ta hannun Indiya wannan sauyi ya iske mu, a zamanin faifan CD. A Koi... Mil Gaya na 2003, Jadoo, halittar da ta sauko daga wata duniya, ta ba Rohit basira da ƙarfi. A Krrish na 2006 ɗansa Krishna ya gaji baiwar, Hrithik Roshan ya fito a uba ya fito a ɗa, aka ci gaba a Krrish 3 a 2013. Nan hirar teburin mai shayi ta canza. Wanda bai ga na farko ba sai ya tambaya, "Wai shi wannan a ina ya samo ƙarfinsa?" Wani ɗan dako ya ajiye kofi ya warware masa tun daga kakan. Abin ya zauna mana daidai, don Bahaushe ba ya sakin jiki da mutum sai ya san asalinsa.

Daga shekarun 2010 masu fassara irin su Algaita a Kano suka sa jaruman Indiya magana da Hausa, masu tura fim a waya suka maye gurbin masu hayar kaset. Chitti, mutum-mutumin Enthiran na 2010, ya dawo a 2.0 a 2018. Marvel ta jera fina-finai 22 daga Iron Man na 2008 zuwa Avengers: Endgame na 2019, tana ɗebowa daga tsofaffin mujallun zane inda Black Panther ya fara bayyana a 1966. Dune na 2021 da na 2024 sun fito daga littafin Frank Herbert na 1965, da saharar da mutanenta ke jiran Mahadi. Yaron shago a Bodija yanzu ba ya kashe waya sai sunaye sun gama wucewa, ko za a nuna alamar abin da ke tafe.

Mun yi rashin daɗin labari mai ƙarewa a dare ɗaya, amma mun samu mai kallo mai riƙe zare, wanda ke kama kamfani in ya saɓa wa abin da ya faɗa a baya. Irin wannan mai kallo tatsuniya ta rena tun fil azal, inda Gizo da Ƙoƙi ke fita daga wannan labari su shiga wancan da halinsu. Kannywood ta fi karkata ga soyayya da zaman iyali, kuma tsadar dabarun kwamfuta gaskiya ce. Sai dai abin da ya riƙe mu a Krrish gado ne da zumunci, kuma marubucin Hausa da ya gina duniya mai asali da doka, ya tsaya a kansu daga kashi zuwa kashi, zai tarar masu kallonsa sun riga sun shirya.