Isandalwana da Satiru: Nasarar da Ta Jawo Halaka

Ran 22 ga Janairu, 1879, dakarun Cetshwayo, Sarkin Zulu na Afirka ta Kudu, suka far wa sansanin Turawan Ingila a Isandalwana da masu, suka kashe fiye da mutum 1,300. Ba a cika wata shida ba Turawa suka komo suka ƙone Ulundi, birnin sarkin.

Irin wannan ta auku a Satiru, kudu da Sakkwato. Ran 14 ga Fabrairu, 1906, mabiyan Malam Isa da Ɗan Makaho, da kibau da gatura da fartanya, suka tarwatsa sojan doki, suka kashe Turawa uku, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Ran 10 ga Maris aka rushe garin, aka hallaka mutum wajen 2,000.

Sai dai akwai bambanci. Zulu sarkinsu ne ya tura su. Mutanen Satiru kuwa talakawa ne da gudaddun bayi, Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ma Turawa ya goya wa baya. Daga nan Turawa suka ƙara dogara ga sarakunan da suka amince da su. A shekarar nan aka tuɓe Yero daga sarautar Katsina, Muhammadu Dikko ya gaje shi.