Takarda ɗaya ta 1924 da ta koya wa masana'antu haƙuri

Yau tarihin namu zai kai mu Amurka, wajen wani lissafi da har gobe ake aiki da shi a masana'antu.

A farkon shekarun 1920, kamfanin Western Electric ne ke ƙera kayan wayar tarho na Bell. Wasu kayan a ƙarƙashin ƙasa ake binne su, idan suka lalace sai an tona. To matsalar ita ce, duk lokacin da kaya ya fito da ɗan bambanci, sai a je a taɓa injin. Garin gyaran gira a rasa ido: yawan taɓawar ne ma ke ƙara ɓata kayan.

Ranar 16 ga Mayu, 1924, wani masanin kimiyyar fiziks a kamfanin, Walter Shewhart, ya miƙa wa maigidansa George Edwards takarda mai shafi ɗaya, da ɗan zane a jiki. Abin da ya gano shi ne, bambanci iri biyu ne. Akwai na yau da kullum, wanda ba inji ba ne zai rasa shi. Akwai kuma wanda wani dalili na musamman ya kawo, kamar ƙarfe ya ci ko an canza kayan haɗi. Sai ya ja layi biyu, iyakar sama da iyakar ƙasa. Abin da ya faɗa tsakaninsu, ka ƙyale injin. Wanda ya tsallake, tashi ka bincika.

To ya ake sanin inda za a ja layin? Ma'aikaci a lokacin ba shi da kalkuleta a aljihu. Shi ya sa daga baya aka rungumi hanyar tazara: ka ɗebi kaya biyar, ka cire mafi ƙanƙanta daga mafi girma, shi ke nan. Aikin da Baturen Ingila Leonard Tippett ya wallafa a 1925 kan tazara na cikin abin da ya ba wannan hanya tushe.

Bari mu gwada. A ce ana zuba sukari a leda, kowace awa ka auna leda biyar, har sau 25. Matsakaicin nauyi ya fito giram 50, matsakaicin tazara giram 4. Idan samfurinka biyar ne, lambar da ake ninkawa da ita 0.577 ce. 4 sau 0.577 ya ba ka kusan 2.3. Ka ƙara a kan 50, iyakar sama 52.3. Ka cire, iyakar ƙasa 47.7. Jadawalin tazara kuma, ka ninka 4 da 2.114, iyakar sama kusan 8.5, ta ƙasa sifili. Kuma tazarar ake fara dubawa, don idan ita ba ta daidaita ba, iyakokin matsakaicin ba abin dogaro ba ne.

Ku lura fa, waɗannan iyakoki ba abin da mai saye yake so ba ne. Abin da injin yake iya yi ne, shi ya faɗa da bakinsa.

Shewhart ya fitar da littafi kan wannan a 1931. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta yi amfani da hanyar wajen ƙera kayan yaƙi. A 1950 kuma Edwards Deming, wanda ya koya daga Shewhart, ya je Japan ya koyar da injiniyoyi da shugabannin kamfanoni. Shekara ɗaya bayan nan Japanawa suka kafa lambar yabo ta inganci da sunansa.

Masu ɗan kasuwancin ƙulla kaya, ku gwada lissafin nan na mako ɗaya, ku faɗa mana abin da kuka samu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.