Makullan Gwaggo da tsofaffin Wusasa

Makulli biyar ne a ɗaure a bakin zanen Gwaggo, kuma ɗaya ne kacal nata. Sauran na gidajen 'yan'uwa ne da ke Kaduna da Jos da Legas, da na wani da ya tafi Ingila karatu tun ina firamare, har yau kullum baɗi zai dawo. In ruwan farko ya sauka, ita ce za ta bi ɗakunan nan ɗaya bayan ɗaya da sandarta, ta duba inda ya yi yoyo, ta sa yaro ya kankare gara daga jikin ƙyaure. Ta haura tamanin. Damina guda na yi a wurinta a Wusasa, a nan ne na fara tambayar kaina yadda aka yi garin da ya raini shugaban ƙasa ya zama garin masu gadin gidajen wasu.

Wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Zariya ya san kwanar Ɗan Magaji. Daga nan Wusasa ba nisa, ga duwatsu a bayanta, ga dutsen Kufena can yana leƙe. Yanzu Zariya ta miƙo ƙafa har ta taɓa ta, shaguna da masu acaɓa sun cika bakin titi. Amma ka shiga tsohuwar unguwar mishan da hantsi, ba abin da za ka ji sai kukan kurciya da rediyon wani dattijo a gindin mangwaro.

Labarin ba a Wusasa ya fara ba. A 1900 Bishop Tugwell ya jagoranci wasu Turawan mishan na CMS har Kano, a cikinsu da wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya koyo Hausa a Tarabulus. Sarki Alu bai tsaya dogon zance da su ba, ya sallame su. Suka koma Girku suka zauna. Sai a 1905 Miller ya sami wuri a cikin birnin Zazzau, a Durumin Maigarke, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Zamansa da fada bai yi daɗi ba, Turawan mulki su ma ba su so mishan a cikin ganuwa ba, don sun yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba.

Gwaggo ba ta damu da Miller ba sosai. In ta tashi ba da tarihi, daga Isawa take farawa, don ta wajen uwa can ta fito. Isawa almajiran wani Malam Ibrahim ne na Kano, wanda karatunsa na Alƙur'ani ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa fiye da yadda malaman zamaninsa suka yarda. Aka kashe shi a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, mabiyansa suka watse, wasu suka fake a ƙasar Ningi. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka zo wurin Miller. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, suka yi gonaki, suka gina wurin sujada. Sai ƙudan tsando ya ba su ciwon barci, mutane suka yi ta mutuwa har ƙauyen ya tashi. Gwaggo takan ce uwarta ba ta taɓa ambatar Gimi da dare ba. Waɗanda suka tsira, da yaran makarantar birni, su ne aka kwaso zuwa gindin dutsen Wusasa a 1929, ƙarƙashin wani Baturen mishan mai suna Guy Bullen. Shi Miller bai bi su ya zauna ba. Ya ci gaba da aikin fassara har Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, ya rasu a Bukuru a 1952.

Abin da suka fara ginawa shi ne ya fi burge ni. Majami'ar St Bartholomew ba irin cocin Turai ba ce da aka ɗauko aka dasa. Maginan Zazzau ne suka yi ta da ƙasa, da bakan gizo irin wanda ake yi wa zauren sarki ko tsohon masallaci. Ka shiga da tsakar rana a watan bazara, sanyi ya tare ka tun daga ƙofa. Ranar Lahadi na zauna a baya a sujadar Hausa, na ƙirga kawunan da ba furfura, ban cika yatsun hannu biyu ba. Littafin waƙar Gwaggo bangonsa ya tafi tuntuni, ta ɗinke shi da ƙyallen atamfa, ba ta ma duba shi, riƙewa kawai take. Muryoyin sun yi rauni, mai ganga ya fi kowa ƙuruciya, kuma shi ma jika gare shi. Da aka tashi aka tsaya gaisuwa a waje ta fi sujadar tsawo: ina ƙafa, ina hawan jini, yaushe rabon da yaran su bugo waya, an biya fansho ko har yanzu ana tantancewa.

Hausarsu kuwa Zazzaganci ce tsantsa. Na taɓa zuwa da wani abokin aikina Bakano, ya durƙusa ya gaida Gwaggo, suka yi ta hira. Da ya ga gicciye a bango sai ya ce, "Baba, ashe kun iya Hausa haka?" Ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, wane yare kake so in iya? Uwata Bahaushiya ne, ubana Bafillace." Ya rasa ta cewa. Ni kuwa na yi dariya har da ƙwalla, don ko "ne" ɗin nan da ta sa wa uwarta ya isa shaida.

Bayan coci sai asibitin St Luke da makaranta, kuma makarantar ce ta yi wa garin abin da ake gani yau. A lokacin da boko ya yi ƙaranci a Arewa, ɗan Wusasa, mace ko namiji, yana aji. Daga nan Dakta Barau Dikko ya fito, likitan zamani na farko daga Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkonta, yau kuma babban asibiti a Kaduna ke ɗauke da sunansa. Farfesa Ishaya Audu, jinin Isawa, ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, shekarun da Yakubu Gowon, ɗan mai bishara da ya tashi a wannan unguwa, yake mulkin Nijeriya. John Tafida da ya rubuta littafin Jiki Magayi tare da Rupert East shi ma ɗan gidan mishan ɗin nan ne. Ƙauye guda ke nan.

To, wanda aka koya wa aikin likita ko na ofis ba zai zauna noman dawa a gindin dutse ba. Kowane aji da ya gama, jirgin ƙasa ya kwashe shi. A ganina Wusasa ba talauci ne ya kwashe mata matasa ba, nasararta ce. Daga baya gwamnati ta karɓe makarantun mishan, a nan makarantar St Paul's ta koma Kwalejin Kufena, abin da ke jawo yaran wasu garuruwa ya ragu. Rikicin da ya tashi a Kafanchan a watan Maris na 1987 ya iso har nan, kuma bayansa wasu da ke shirin dawowa gida in sun yi ritaya suka sake shawara. Gwaggo ba ta son wannan zancen. Abin da takan faɗa kawai shi ne, yawancin haihuwar da ta karɓa a shekarunta na aikin ungozoma ta matan Musulmi ce daga birni da Tudun Wada, kuma har yau akwai masu aiko mata da naman layya.

Sau biyu garin ke cika: Kirsimeti, da ranar jana'iza. Motoci masu lambar Abuja su jeru har bakin makabarta, a buɗe gidajen nan, a yi shara, jikoki su yi ta Turanci suna ɗaukar hoton bakan gizo da waya. Kwana uku, an watse. A dawo wa Gwaggo da makullanta, a haɗa mata da ɗan abin cefane da alkawarin za a zo a gyara rufi kafin damina.

Ranar da zan tafi ta raka ni har bakin hanya, tana tafe tana hutawa. Na ce ta ba ni makulli ɗaya in kai wa mai shi a Kaduna, ko nauyin ya ragu. Ta ce a'a, in an mayar wa mutum makullinsa an ce masa kada ya dawo ke nan. Da na kira ta a watan jiya, ta ce sun zama shida.