gashin daji

gashin daji (suna, namiji, a asibiti “gashi” kawai ake cewa). Maganin cutar daji ta hanyar harba wa ƙari haske mai ƙarfi har ƙwayoyinsa su daina hayayyafa. Babu wuta, kuma majinyaci ba ya jin komai lokacin da injin ke aiki.

Gwanintar tana wajen saiti. Sai an ɗauki hoton sikana, likita ya zana iyakar ƙarin, a sa wa fata alama don mutum ya kwanta daidai kullum. Injinan zamani na da siraran farantai na ƙarfen tangistin masu matsawa kowanne da kansa, su yanka hasken daidai siffar ƙarin, lafiyayyen nama ya tsira. Akan raba maganin kashi-kashi, kwana 5 a mako, na wasu makonni. Tsallake rana ba ƙaramar ɓarna ba ce.

A Nijar an buɗe sashen gashi na farko a Yamai a 2021, da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Akwai wani a asibitin koyarwa na Sakkwato.

*Misali:* “Inna ta bar Tama jiya, za a fara mata gashi a Yamai.”