Dakashi: Daga Zubarwa Zuwa Rigakafin Farko

Yau za mu ɗan waiwayi tarihin nonon uwa.

A da, idan mace ta haihu, a gidaje da yawa ba a ba jariri nonon farko, wato dakashi. Ana cewa gurɓatacce ne, sai a tatse a zubar, a ba yaro ruwa ko madarar akuya. Iyayenmu ba mugunta suka yi ba, abin da suka tarar ke nan.

Can a Turai kuwa, a 1892, wani Bajamushe, Paul Ehrlich, ya musanya 'ya'yan ɓeraye tsakanin iyayensu, ya gano garkuwar jiki tana bin nono. A 1961 Lars Hanson na Suwidin ya gano irin wannan sinadarin kariya a nonon mace, wanda ake kira IgA. Idan mura ko tari ya kama uwa, jikinta yakan haɗa kariyar wannan cutar, ya tura ta cikin nono, ta lulluɓe maƙogwaro da hanjin jariri. Dakashi ya fi kowane nono yawanta.

Labarin bai iso mana da wuri ba. Binciken lafiya na 1998 ya nuna kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai na jariran Nijar 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla. Bayan yunwar 2005, wadda ta yi tsanani a Maraɗi, aka tsananta wayar da kai a asibitoci da gidajen rediyo. Zuwa 2012 an kai kashi 23.

Da korona ta shigo Nijar ranar 19 ga Maris 2020, tsoro ya dawo: shin mai cutar za ta shayar? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta ci gaba, ta wanke hannu, ta sa takunkumi. Masu bincike a Amurka ma sun samu kariyar a nonon matan da suka warke.

To ga hunturu nan, mura ta yi yawa. Mai jego, kada ki janye nono don kina tari. Kakanni da ungozoma, a bar jariri ya sha dakashinsa. Amma nono ba ya maye gurbin allura, a kai yaro rigakafin ƙyanda a wata 9.

Allah ya raya mana zuri'a.