Da kansa ko ta hannun wani: kwangila, dangi da amana a tarihin Nijar

Ranar 2 ga watan Afrilu na shekarar 2012, shugaban ƙasa Mahamadu Isufu ya sallami biyu daga cikin manyan ministocinsa, Uhumudu Mahamadu mai kula da kuɗi, da Kalla Hankurau mai kula da manyan ayyuka. Dukansu jiga-jigai ne a jam'iyyar PNDS Tarayya, kuma gwamnatin ba ta cika shekara guda ba. Abin da ya jawo haka shi ne hukuncin da kotun tsarin mulki ta wucin gadi ta yanke a farkon wannan shekarar, a ƙarƙashin jagorancin mai shari'a Fatimata Bazeye, bayan ƙarar da ƴan majalisa na adawa suka shigar. Kotun ta ce kwangilolin da aka ba wani ɗan kasuwa mai riƙe da kujerar majalisar dokoki, Amadu Umaru Mainasara, sun saɓa wa aya ta 52 ta kundin tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ayar ta ƙunsa. Ta hana shugaban ƙasa, muddin yana bisa mulki, saye ko hayar wani abu daga dukiyar gwamnati, ta kuma hana shi shiga kwangilolinta, ko da kansa ko ta hannun wani. Sannan ta shimfiɗa wannan hani bisa shugabannin manyan hukumomin jamhuriya, da firaminista, da ministoci, da ƴan majalisar dokoki. A ganina, nauyin ayar duka yana kan waɗannan kalmomi uku, “ta hannun wani”. Waɗanda suka tsara ta ƴan ƙasa ne, sun san cewa babu mai mulkin da zai rubuta sunansa a kan takardar kwangila alhali yana da ƙane, da suruki, da ɗan ƴar'uwa, da yaron gida da ya yi wa aure.

Tsoron haɗuwar mulki da kasuwa a hannu ɗaya ya girmi jamhuriya nesa ba kusa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Maratta, nan kusa da Galmi, ya lissafa a Kitab al-Farq al'adun sarakunan zamaninsa da yake ƙyama, ciki har da gaisuwar da ake kai wa mai sarauta don neman biyan buƙata, da tawasar da ake karɓa daga mahauta a kasuwa. Kafinsa da ƙarni huɗu, Ibn Khaldun ya ware babi guda a Muƙaddima don ya nuna cewa fataucin sarki yana cutar da talakawa, yana kuma karya baitulmali, domin babu mai iya gasa da wanda hukunci ke hannunsa, sai fatake su janye, haraji ya ragu. Sai dai malaman nan biyu sarkin da ya sauko kasuwa suke magana a kai. Abin da Nijar ta gani bayan samun ƴancin kai ya bi ta ɗaya hanyar: ɗan kasuwa ne ya hau zuwa fada.

A zamanin Diori Hamani, cinikin gyaɗa ya koma hannun SONARA da aka kafa a 1962, kuma samun izinin saye da sunanta ya dogara ƙwarai da kusancin mutum da jam'iyyar RDA, wadda ita kaɗai ce a fage. Da fari ya tsananta a farkon shekarun 1970, sai zargin karkatar da hatsin agaji ya cika gari, aka riƙa maganar gidajen da uwargidan shugaban ƙasa take bayarwa haya a Yamai. Da wannan hujja Seyni Kunce ya kifar da gwamnati ranar 15 ga Afrilu 1974, kuma a daren ne Aisa Diori ta rasa ranta. Dattawa har gobe suna ba da labarin tsananin Kunce game da dukiyar jama'a. Ba na musun tsananin, amma na mutum ɗaya ne, ba na doka ba, shi ya sa ya bi mai shi zuwa kabari a 1987.

Babban taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, ya kuma buɗe wata ƙofar da ba a yi shawara a kanta ba. Yaƙin neman zaɓe yana cin kuɗi: motoci, mai, atamfa mai hoton ɗan takara, goron masu faɗa a ji. Katin jam'iyya bai taɓa biyan wannan ba. Alhazai ne suka biya, kuma ɗan kasuwa ba ya zuba jari don Allah ya ba shi lada. In jam'iyyarsa ta ci, yana jiran kwangila da sassauci a duwan. In ya ga dama ma sai ya karɓi kujerar majalisa, ya samu rigar kariya bisa riba. Masanin zamantakewa Jean-Pierre Olivier de Sardan na cibiyar LASDEL ta Yamai ya kwatanta mulkin Nijar a 2016 da ɗan kaso mai gidajen yari huɗu, ya sa na manyan ƴan kasuwa a farko.

Mu malaman makaranta muna da namu tabon a wannan tarihi, wato badaƙalar MEBA, ma'aikatar ilimin firamare da yaƙi da jahilci. A 2006 wani bincike ya gano ƙarin farashi da rashin bin ƙa'ida a sayayyar da aka yi da kuɗin da ƙasashe masu tallafi suka zuba a shirin shekara goma na raya ilimi. Kayan aiki ne na aji, irin waɗanda kowane darakta ke jira a watan Oktoba. Masu tallafi suka dakatar da kuɗinsu, aka tuɓe ministoci biyu da suka riƙe ma'aikatar, Ari Ibrahim da Hamani Haruna, majalisa ta amince a gurfanar da su, aka tsare su. Ranar 31 ga Mayu 2007, ƴan majalisa 62 cikin 113 suka kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa da gwamnatin Hama Amadu a kan wannan batu, ta faɗi. An yi ta tafi a lokacin. Amma ɗalibin da ya yi shekara yana rubutu bisa gwiwarsa, faɗuwar gwamnati ba ta mayar masa da shekararsa ba.

Hukuncin 2012 ya bambanta da wannan ta fuska ɗaya mai muhimmanci. Kotun ba ta tsaya neman ko an yi aikin, ko an ƙara farashi, ko wani ya ci tamma ɗaya ba. Tambayarta ita ce: wanda aka ba kwangilar yana cikin waɗanda aka hana? Wannan shi ne abin da mutanenmu ke wahalar karɓa. Sau da yawa za ka ji an ce, “To ai ya yi aikin, ina laifi?” Laifin yana nan tun kafin a aza tubali na farko, domin ɗan majalisar da ke jiran biya daga ministan kuɗi ba zai tashi a zauren majalisa ya titsiye wannan ministan ba, kuma ɗan kwangilar da ba shi da kowa ya riga ya san kada ya ɓata kuɗin tambarinsa. Game da abin da ya biyo baya, tarihi bai yi tsanani ba: Kalla Hankurau ya zama ministan harkokin waje a 2018, Uhumudu Mahamadu kuwa firaminista a 2021.

To, ina ruwan Babankatami da shari'ar manya a Yamai? Ruwanta ya fara ne ranar 24 ga Yuli 2004, da aka yi zaɓen farko na ƙananan hukumomi 265 a faɗin ƙasa. Kafin nan, manyan ayyukan da aka gani a wannan yanki daga waje suka zo da kuɗinsu da masu sa hannunsu: shingayen itatuwa na kare iska da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975, ko aikin raya karkara na Keita da ya soma a 1984 da kuɗin Italiya, inda mata suka ɗauki duwatsu a ka ana biyan su da abinci. Shi kuma sufurefe baƙo ne da aka turo, yana da nasa aibu, amma ba shi da ƙane a kasuwar gari, kuma bayan shekara kaɗan za a ɗauke shi. Daga 2004, mai sa hannu ya zama ɗan gari. A Buza, da Karofane, da Tabotaki, da Babankatami, da Tamaske, da Bangi, magajin gari mutum ne da aka san kakansa, aka san gidan da ya auro. A 2016 kuma gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na ikonta a fannin ilimi, da lafiya, da ruwa, da muhalli, ma'ana ginin aji da haƙa rijiya sun ƙara matsowa kusa da teburinsa.

Aya ta 52 ba ta ambaci magajin gari ko kansila ba. An bar su ga dokar ƙananan hukumomi da ta kwangilolin gwamnati. Kuma gaskiya a faɗe ta, matsalar ƙauye ta fi ta birni wuyar warwarewa. A ƙaramar hukumar karkara, masu rajistar kasuwanci da lambar haraji da motar ɗaukar yashi ba su da yawa, kuma da wuya a samu wanda ba ya haɗa jini ko aure da wani a majalisar. Sau da yawa attajirin da ya ɗauki nauyin zaɓen magajin gari shi ne yayansa, shi ya biya masa kuɗin karatu tun yana ƙarami. Ranar da aka zo rabon aiki, in ya hana shi, gida za a ce ya ci amanar zumunci. In ya ba shi, ya ci amanar waɗanda suka zaɓe shi. Kalma ɗaya ce, amana, ake ja da ita ta gefe biyu. Dabarar da aka saba ji kuwa ba ta buƙatar wayo mai yawa: takardun farashi uku da sunaye uku, alhali daga shago ɗaya suka fito. Kwamitin da zai karɓi ginin ya san ɗan wane ne, sai ya kau da kai daga siminti da aka yi wa rowa. Damina biyu, rufin ya tashi, yara su koma runfar zana. Wanda ya tuna gobarar da ta ci yara fiye da 20 a irin waɗannan runfuna a Maraɗi cikin Nuwamba 2021 ya san cewa aji ɗaya da ya rushe ba ƙaramin abu ba ne.

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya jingine kundin 2010, da aya ta 52 a cikinsa. Sojoji suka kafa hukumar COLDEFF don bin sawun dukiyar ƙasa, a madadin HALCIA da aka kafa a 2011, sannan a Afrilun 2024 suka rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, suka naɗa kantomomi. Mai sa hannu ya sake zama naɗaɗɗe kamar kafin 2004, kuma mai yiwuwa ba shi da ƙane a kasuwar Babankatami. Amma tare da magajin gari aka sallami kansilan adawa, wanda yake da ikon tashi a zaman majalisa ya ce a kawo takardun kwangila a karanta, kamar yadda takwarorinsa na Yamai suka yi har suka kai ga kotu a 2012.