Girgizar injin babur da yadda ake daidaita shi

Cikin injin babur akwai wani ƙarfe da ake kira fistan. Aikinsa hawa da sauka. Idan inji yana juyawa sau 6000 a minti ɗaya, fistan yana tsayawa ya sake hanya sau 200 a daƙiƙa ɗaya. Duk tsayawa guda, sai ya fizgi injin. Wannan fizga ita ce girgizar da kake ji a hannu da ƙafa. Idan gudun inji ya ninka biyu, ƙarfin fizgar yana ninka huɗu.

Yadda ake daidaitawa

A ƙarƙashin fistan akwai sandar da yake juyawa. Maƙera suna ƙara mata nauyi a ɓarin da ke daura da fistan, domin idan ya hau, nauyin ya sauka. Amma inji mai fistan ɗaya ba ya daidaituwa sarai. In aka rama nauyin fistan duka, girgizar sama da ƙasa za ta koma ta gaba da baya. Saboda haka wani kashi kawai ake ramawa.

Darasi daga baburan tsere

A tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ayaland, aka fara shahararren tseren babura a 1907. Norton Manx, babur mai fistan ɗaya, ya yi suna a can. A 1951 Geoff Duke ya ci gasar duniya a kan babur na Norton. Masu gyaran irin waɗannan tsofaffin babura sukan auna fistan da zobbansa a sikeli. Sannan su rataya wa sandar nauyin da suka lissafa, su ɗora ta bisa ƙarafa biyu madaidaita. Ɓarin da ya rinjaya sai su huda shi kaɗan kaɗan, har sandar ta zauna duk inda aka bar ta.

Abin da ya shafe ka

Yawancin baburan ƴan kabu-kabu masu fistan ɗaya ne. Girgiza mai yawa tana kwance notuna, tana tsaga ƙarfen babur, tana kashe hannu. Don haka:

1. In za a sake fistan, a nemi mai nauyi daidai da tsohon.
2. Ka riƙa ɗaure notunan da ke riƙe da inji.
3. In ka ji sabuwar girgiza, kada ka jinkirta, ka kai babur wurin bakanike. Gyaran yau ya fi na gobe sauƙi.